Neman kalma: me za mu kira "mirroring" da "casting" a talabijin ɗin ɗakin jirgin ruwa?

Mai fassara:
Assalamu alaikum, malamai. Ana shirya takardar bayani da Hausa domin masu hawa manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, irin masu zaga Bahar Rum da tsibiran Karibiyan. An zo kan yadda fasinja zai kalli abin da ke wayarsa a talabijin ɗin ɗakinsa, sai kalmomi biyu suka tsaya mana: "mirroring" da "casting". Wasu sun ce a haɗe su a ce "turawa", wasu sun ce "madubi" da "jefawa". Abin da ake nema shi ne kalmar da Bahaushe zai ji sau ɗaya ya gane, ya kuma san abin da zai sa a jaka kafin ya hau jirgi.

Injiniyan sadarwa:
Wa'alaikumus salam. Malam, kada a haɗe su, aiki biyu ne daban.

A na farko, wato "mirroring", wayar ce ke yin komai. Ita ke buɗe fim, ita ke juya shi, sannan ta miƙa wa talabijin hoton fuskarta kamar yadda yake. Saƙo ya shigo, kowa ya gani. Waya ta mutu, hoto ya ɗauke. Ana yin sa da kebul na HDMI, ana kuma yin sa ta iska, ko dai da Miracast da ya fito a 2012, ko da AirPlay na Apple.

A na biyu, wato "casting", wanda Chromecast na Google (ƙaramar na'urar da ake jona wa talabijin) ya yaɗa tun 2013, fim ɗin ba ya bi ta cikin waya sam. Adireshinsa kawai take ba na'urar da ke jikin talabijin, na'urar ta hau intanet da kanta ta jawo shi. Shi ya sa za ka amsa kira ko ka kashe fuskar wayar, fim bai tsaya ba.

A gida ba a cika lura da bambancin ba, tunda duka biyun suna tafiya. A jirgi na biyun ne ke fara faɗuwa. Wi-Fi na jirgi yawanci an saita shi ne yadda na'urar fasinja ba za ta ga ta wani ba, saboda tsaro, to wayarka ma ba za ta ga na'urarka ba ko da suna kan gado ɗaya. Bayan wannan akwai shafin shiga, inda ake neman lambar ɗaki ko suna kafin a buɗe maka intanet, kuma tsohon Chromecast ba shi da inda zai cike wannan shafi. Fire TV Stick da Roku, su ma na'urorin da ake jona wa talabijin, suna da hanyar wuce shi, amma kuɗin intanet na jirgi bisa yawan na'urori ake biya, wanda ya sayi na na'ura ɗaya da zarar ya hau da ta biyu, ta farko ta sauka. Idan kalma ɗaya ta rufe ayyukan biyu, mutum zai sayi abin da ba zai yi masa aiki a tsakiyar teku ba.

Malamar Hausa:
Allah ya ƙara basira, Injiniya, bayanin nan ya raba gardama.

"Turawa" ta riga ta yi aure. Duk wanda ya ce "tura min" yana nufin fayil ya bar wayata ya zauna a tasa, kamar ta Xender ko Bluetooth. Babu ɗaya cikin ayyukan nan da ke ajiye wani abu a talabijin. "Jefawa" kuwa Turancin ne aka sa wa hula, kuma abin da ka jefa ya bar hannunka, alhali nan kana iya tsayar da fim ko ka ƙara murya daga waya. "Madubi" tana da kyau a ido, sai dai ba ta da aikatau. Me za mu ce, "madubanta wayarka"? Ga shi kuma madubi yana juya dama ta koma hagu, wannan ba ya juyawa.

Na farko ina ba da "haskawa". Tun zamanin majigi muke cewa an haska fim a bango, kuma ma'anar ta zauna daram: hoton yana fitowa daga wani wuri, bango karɓa kawai yake yi, a kashe majigi bango ya koma fari. Sai mu ce "haska waya a talabijin".

Na biyu ina ba da "aike". Wanda ka aika shi ke tafiya da ƙafarsa ya ɗauko, kai kana zaune, ba ta hannunka kayan suka biyo ba. Idan mai gadi ya tare ɗan aike a ƙofa, ko babu hanyar zuwa kasuwar, aike ya lalace. Abin da Injiniya ya ce yana faruwa a jirgi ke nan.

Mai gyaran talabijin:
Malama, "haskawa" ta shiga kunne. Amma a raba ta biyu a takardar, haskawa ta kebul da haskawa ta iska, don a jirgi ta kebul ce abin dogaro. Ga kayan aikin.

Kebul na HDMI mai tsawon mita 3, domin talabijin yana bango ne, wurin ajiye waya da soket suna wajen tebur ko gefen gado. Sai ɗan gwiwa, wato lanƙwasasshen mahaɗin HDMI, mai lanƙwasa digiri 90, da wani mai 270, tunda ba ka san ta ina kafar take kallo ba. An ɗaure talabijin ɗin jirgi tamau saboda tangaɗin ruwa, wani lokaci tsakaninsa da bango yatsu biyu ne, kan kebul miƙaƙƙe ba zai shiga ba. A haska fitilar waya a leƙa ta gefe kafin a soma lalube.

Sai adafta, kuma nan ne mutanenmu ke asarar kuɗi. Ba kowace waya mai kafar USB-C ke fitar da hoto ba, sai wadda aka yi da DisplayPort, hanyar fitar da hoto, a cikin kafar. Yawancin Samsung jerin S tun daga S8 na 2017 suna fitarwa. iPhone 15 na 2023 yana fitarwa, amma 16e ba ya yi. Yawancin Tecno da Infinix da itel, da mafi yawan Samsung jerin A, caji da ɗaukar fayil kawai kafarsu ke yi, ko adafta ta nawa ka saya baƙin allo za ka gani. Tsohon iPhone mai kafar Lightning sai da adaftarsa ta Apple. Ta jabu takan nuna hotuna da bidiyon da ka ɗauka, amma da ka buɗe Netflix sai murya ba hoto, ko allo ya yi baƙi, saboda ba ta da makullin HDCP da ke hana satar fim. A gwada komai a talabijin ɗin gida kafin tafiya. A zaɓi adafta mai kafar caji a gefe, don haskawa na shan batir sosai.

Jona kebul rabin aiki ne. Talabijin ɗin ɗakin jirgi irin na otal ne, Samsung da LG duk suna yin su, kuma ana iya kulle mashigarsu daga saiti. Rimot ɗin ɗaki sau da yawa ba shi da maɓallin Source ko Input. Sai a bi a hankali: a jona kebul talabijin na kunne, a jira daƙiƙa goma, wasu da kansu suke komawa. In bai koma ba, a duba cikin jerin da ke kan allo ko akwai HDMI. In babu, a shafa ƙasan talabijin daidai tambarin kamfani, ko bayansa ta dama, akan sami ɗan maɓalli. In an danna bai motsa ba, kulle yake.

Wakiliyar tafiye-tafiye:
Daga nan sai a tsaya, Maigida, a kira ma'aikacin da ke kula da ɗakin. Jirage sun bambanta, ko a kamfani ɗaya sabon jirgi da tsoho ba ɗaya ba ne. Wani za a kawo maka rimot mai maɓallin, wani a turo mai gyara, wani a ce ba a yi. Ana yaɗa dabarar zare kebul ɗin da ke bayan talabijin ko shiga ɓoyayyen saiti. Don Allah kada takardar ta koyar da wannan. Ta wannan kebul ake samun tashoshin jirgi, da lissafin kuɗin da ka kashe, da bidiyon tsira da ake son kowa ya kalla. Tun bayan hatsarin jirgin ruwan Costa Concordia a Janairun 2012 aka tsaurara doka, daga 2015 dole a yi wa fasinja bayanin tsira kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Talabijin ɗin ɗaki na cikin hanyoyin da ake isar da wannan bayani.

A ƙara da maganar wuta. Yawancin ɗakuna suna da soket irin na Amurka mai volt 110, da irin na Turai mai volt 220. Cajar Nijar mai ƙafa biyu zagayayyu za ta shiga na Turai. Ta Najeriya mai ƙafa uku sai da adafta, in ba a jiragen Ingila irin na kamfanin P&O ba. Kada a ɗauko doguwar soket mai kariyar hauhawar wuta, ƙwacewa ake yi a wajen bincike, domin tsarin wutar jirgi ba irin na gida ba ne kuma tana iya ta da gobara. Hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2013. Ƙaramar rauta ta tafiya, wato na'urar raba Wi-Fi, wadda da ita wasu ke gyara matsalar "aike", ita ma manyan kamfanoni sun sa ta cikin kayan da aka hana.

Injiniyan sadarwa:
Malama, ina da ja a kan "aike". Mutum zai ce "na aika fim zuwa talabijin", mu koma gidan jiya, ma'anar "turawa" ta dawo ta bayan gida. "Haskawa" ma ta yi faɗi, gidan kallo ma cewa suke za su haska wasa.

Malamar Hausa:
Ja ne mai ƙarfi, ranka ya daɗe, amma nahawu ya tanadi maganinsa. "Aika da abu" daban, "aiki wani" daban. Muna cewa na aika da kuɗi, muna kuma cewa na aiki yaro, na aike shi. Ta biyun muke so, kuma talabijin ne ake aika, ba fim ba: "aiki talabijin ya ɗauko fim ɗin". A kan maɓalli a rubuta "Aike" kawai. In takardar ta yi amfani da jimlar sau biyu ko uku a haka, kunne zai kama. Ita kuwa "haskawa", abin da ke biye da ita ke tsare ta. Haska wasa na gidan kallo ne, haska waya namu ne, ba mai rikita su.

Injiniyan sadarwa:
Na karɓi "haska waya" ba sauran magana. "Aike" na karɓa da sharaɗi, a bi ta da bayani a karon farko da ta fito. Ga gwajin da zai nuna kalmomin sun yi aiki. Fim ɗin da ka sauke a manhajar Netflix yana cikin wayarka ne a kulle, ba za ka aiki talabijin ya ɗauko shi ba, don ba shi da adireshi a waje. Haska shi kawai za ka iya, kuma ta kebul, tunda Netflix ta cire AirPlay a 2019. A sauke kafin a bar gida, a kuma duba wa'adi, wasu finafinan awa 48 suke yi bayan an fara kallo. Ko da jirgi na da Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, kamar yadda kamfanin jiragen ruwa na Royal Caribbean ya sanar a 2022, kallo kai tsaye da hoto mai kyau yana cin kusan gigabait 3 a awa, da yamma kuma dubban fasinjoji ne ke rabon layi ɗaya.

Haskawa ta iska da Miracast, wadda Samsung ke kira Smart View, ba ta buƙatar Wi-Fi na jirgi, waya da talabijin kai tsaye suke magana. Sai dai a irin waɗannan talabijin yawanci a kashe take, ba abin dogaro ba ce.

Mai gyaran talabijin:
Akwai hanya ta uku da ba haskawa ba ce, ba aike ba ce, kada a cusa ta ƙarƙashinsu: sa filashi. Sunanta ke nan a bakin kowa, a bar shi haka. Idan kafar USB a buɗe take, filashi mai tsarin FAT32 ya fi saurin karantuwa, amma ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4. Fim ya zama MP4 mai H.264. Wasu talabijin ɗin ba sa buɗe H.265, wasu su nuna hoto su hana murya idan sautin DTS ne. Kuma kada a ciyar da Fire TV Stick daga wannan kafa. Wutar rabin amfiya take bayarwa galibi, shi kuwa ɗaya yake so, sai ka ga yana mutuwa yana tashi. A ba shi cajarsa a soket.

Mai kwamfutar tafi-da-gidanka shi ya fi kowa sauƙi. Ya jona kebul, ya danna maɓallin Windows tare da P, ya zaɓi kwafin fuska. In hoto ya zo murya ta tsaya a kwamfuta, ya shiga saitin sauti ya zaɓi sunan talabijin. In gefen hoto ya yanke, ya sauke girman zuwa 1920 da 1080, ko 1366 da 768 a kan ƙaramin talabijin.

Mai fassara:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Ga yadda zai shiga takardar, a duba min: "A ɗakin jirgi ka dogara da haska waya ta kebul. Aike, wato ka aiki talabijin ya ɗauko fim daga intanet da kansa, ba ya cika yiwuwa a Wi-Fi na jirgi. Idan mashigar HDMI a kulle take, ka nemi ma'aikacin ɗaki." Shi wannan kullen na talabijin irin na otal, na sa masa "kullen otal" na wucin gadi.

Malamar Hausa:
Jimlolin sun yi, Malam. "Kullen otal" kuwa za a ɗauka otal ɗin aka rufe, ga shi ma a jirgi muke. Ka sa "kullen mashiga", ita ce aka kulle.