Furosemide ɗina yana raguwa kafin la'asar, wa ya taɓa ganin haka?

Ɗalibin digiri na biyu:
Assalamu alaikum. Ina auna furosemide, maganin da ke sa fitsari don rage ruwa a jiki, a jini da fitsarin masu ciwon zuciya da na'urar HPLC mai rarrabe sinadarai, kolom C18 (bututun da samfur ke bi a rarrabe shi). Samfurin da na zuba da safe, in na sake zuba shi da la'asar sai ƙololuwar maganin a jadawalin na'urar ta ragu, wata 'yar ƙarama ta ɓullo gabanta. Na wanke kolom har na gaji.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
Wa'alaikassalam ƙanena. Ƙyale kolom, ba ruwansa. Ina kake ajiye kwalaben? Ni wata guda na yi ina zargin injin, ashe tirena ne a bakin taga. Furosemide ba ya jure haske, shi ya sa allurar Lasix, wato furosemide, take zuwa a kwalba mai duhu. In ya lalace yakan koma saluamine, ita ce baƙuwar da kake gani. Ta riga shi fitowa ne don kolom ba ya riƙe ta sosai. Tun daga lokacin komai sai na naɗe da foyil, har yara suke cewa dafa kifi nake.

Mai harhaɗa magunguna:
Ni kuma nawa ƙaruwa ya yi! Fitsari ya kwana a kan benci, washegari maganin ya fi na jiya. Jiki yana fitar da wani kaso a ɗaure da wani sinadari (glucuronide), in fitsarin ya jima, musamman idan ba shi da tsami, sai ɗaurin ya kwance. Yanzu ina karɓa nake ɗiga asid kaɗan, in jefa firiza. Ranar da aka ɗauke wuta samfura suka narke, zubarwa na yi, ban ma gwada ba.

Malamin jami'a:
A jini fiye da kashi 95 cikin 100 na furosemide yana manne da furotin albumin, sai ka fara tsinke furotin da sinadarin acetonitrile. Ruwan da ke ɗaukar samfur kuma ka riƙe pH ɗinsa wajen 3. Wani likita ya taɓa turo mini jini, yana zargin mara lafiya ba ya shan spironolactone, wani maganin sa fitsari. Na duba ban gani ba, saura kaɗan in ɗora wa bawan Allah laifi. Canrenone ya kamata in nema, abin da hanta take mayar da shi.

Ɗalibin digiri na biyu:
Yaya, kin gano ni. Ƙarƙashin fitila tiren yake yini. Na sayo foyil, gobe zan sake zubawa.