Jakar bayan gida ta ƙi mannewa bayan tiyatar murɗewar hanji

Assalamu alaikum. Yau sati 6 da aka yi wa mahaifina tiyata, shekararsa 64. Kafin tiyatar, kwana uku ya yi ba bayan gida, ko iska ba ta fita, ciki ya kumbura kamar ganga, ga amai. Hoto ya nuna babban hanjinsa ne ya murɗe ta ɓangaren hagu. Da aka buɗe, an tarar wani sashe ya riga ya mutu ya yi baƙi, aka yanke shi, aka fito da bakin hanjin ta fatar ciki. Likita ya ce sai bayan wata uku za a duba yiwuwar mayar da shi.

Jakar da ake manna masa a bakin hanjin don tara bayan gida ce ta hana mu barci. Da farko takan yi kwana uku, yanzu ko wuni ba ta kaiwa sai ta ɓalle ta ƙasa, ƙazanta ta zubo. Fatar da ke zagaye da wurin ta yi jajur, ta saɓule, tana tsattsafo da ruwa, yana cewa kamar an zuba masa barkono.

Na shafa Vaseline, sai gam ɗin ya daina kamawa gaba ɗaya. Na ƙara filasta, wajen cirewa ta ƙara yayyage fatar. Na rage girman hujin jakar, sai gefenta ya goge bakin hanjin har jini ya ɗan fito. Ranar komawarmu asibiti saura sati biyu, jaka huɗu suka rage mana, kuma Baba ya fara ƙin cin abinci don tsoron zubowar.

Don Allah ma'aikatan jinya, me zan sa a fatar da ta saɓule ta bushe har jakar ta kama?