Mutanen Babungo na Kamaru: yaya suke haɗa al'ada da bin Almasihu?

Malamin Ajin Lahadi:
Salama gare ku, 'yan'uwa. Ina neman bayani daga waɗanda suka san Arewa maso Yammacin Kamaru. Su wane ne Babungo, me suke ci, me suke sana'a? Kuma in ikilisiya za ta buɗe ajin karatun Littafi Mai Tsarki a cikinsu, me ya kamata a sani tun kafin a kafa allo?

Ɗan Ndop:
Malam, sannu da ƙoƙari. Babungo masarauta ce a filin Ndop, cikin gundumar Ngo-Ketunjia, ɗaya daga garuruwa 13 na filin. In ka taso daga Bamenda, za ka hau tudun Sabga inda Fulani Mbororo suke zaune, ka gangara Ndop, sai Babungo a kan hanyar Jakiri da Kumbo. Su da kansu Vengo suke kiran kansu.

Manoma ne. Ruwa na sauka tsakiyar Maris, ba ya ɗaukewa sai wajen ƙarshen Oktoba. Masara ce uwar abinci, ana haɗa ta gona ɗaya da wake da gyaɗa da gwaza, a kan manyan kunyoyi da mata ke tadawa da fartanya. Shinkafa kuwa ta fadama ce, ta bunƙasa bayan kafa hukumar raya noma ta UNVDA a 1970. Tuwon masara da ganyen njama-njama shi ne abincin kullum, in an yi baƙo a gasa kaza a daddatsa ta a juya da manja. Tukurwa na ba su bammi, da gwangwalar gini da kujeru.

Amma abin da ya fitar da sunansu ƙarfe ne. A ƙarni na 19 Babungo na cikin manyan wuraren narka tama a wannan yanki, har yau tarin kashin maƙera na nan jibge a bayan gari. Narkar ta mutu da shigowar ƙarfen Turawa, ƙira kuwa ba ta mutu ba: fartanya, adda, da kuge mai baki biyu. Ka riƙe maganar kugen nan, domin shi ne muryar ƙungiyar asiri ta fada, wadda a yankin ake kira kwifon ko ngumba. In ya yi ƙara, doka ce ta fito.

Don haka kafin allo, a fara gaida Fon, wato sarki. Ba a miƙa masa hannu. A cire hula, a rusuna, a tafa sau uku, a yi magana da tafin hannu a gaban baki. Goron gaisuwa ta hannun bafade yake bi. Wanda ya tsallake wannan ba za a kore shi ba, amma zai ga ajinsa ba kowa, ya rasa dalili.

Mai Aikin Fassara:
Bari in tsaya a kan harshe, don nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Mishan ɗin Basel, na Turawa masu wa'azin bishara, ya isa garin Bali kusa da Bamenda a 1903, ya ɗauki Mungaka, harshen Bali, ya mai da shi harshen coci da makaranta a duk tsaunukan nan. Katolika suka fi dogara da Turancin Pidgin. Ke nan shekara da shekaru Babungo yana jin bishara da bakin wani. Sai a 1993 Sabon Alkawari ya fito da harshensu, bayan aikin da masanin harshe Willi Schaub ya yi, wanda kuma ya wallafa nahawun harshen a 1985.

To littafi ya fito, amma fitowa daban, karantuwa daban. Vengo harshe ne mai karin sauti, ya fi Hausa nisa a wannan fanni: hawa da saukar murya na canja ma'anar kalma, har da nahawun jimla. Kuma rubutun na da baƙaƙen da babu su a Turanci, irin su ɨ da ə da ŋ, bisa tsarin rubuta harsunan Kamaru na 1979. Wanda ya yi makarantar Turanci sai ya tashi gaban jama'a ya yi ta in'ina, kunya ta kama shi, mako mai zuwa ya koma Turanci.

Maganinsa a raba aji biyu. Masu iya karatun Turanci baƙaƙen da suka bambanta da alamomin murya kawai suke buƙata, a ba su kalmomi bibbiyu da murya ce kaɗai ta raba su, su yi ta faɗa da ƙarfi. Waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba a fara da su daga tushe. In ka haɗa su, na farko zai gaji, na biyu zai gudu. Mai karatun Lahadi kuma a ba shi ayoyinsa tun ranar Alhamis, ya karanta wa wata dattijuwa a gida. In ta gyara masa murya, ita ce da gaskiya.

Sai lokaci. Makonsu na gargajiya kwana 8 ne, da ranar kasuwa da ranar da aka hana taɓa fartanya. Ranar da ta faɗo Talata yanzu, Laraba za ta faɗo a zagaye na gaba, ba ta komawa Talata sai bayan kwana 56. In ka kafa aji a rana ɗaya ta makon Bature, dole wata rana ya ci karo da kasuwa. Gara a ɗora shi a kan ranar hutun gona, mata suna gida. Litinin kuma a cire ta, tun da rikicin yankin masu Turanci ya tsananta a 2017 ranar zaman gida ce.

Uwar Zumunta:
Ɗan'uwa Malam, duk abin da suka faɗa haka yake, amma ni a ganina inda bangaskiya ke shan gwaji shi ne gidan mutuwa.

Bayan jana'iza akwai bikin mutuwa, wani lokaci bayan shekara ko fiye, galibi da rani in an kai amfani gida. Dodanni na fitowa, a yi rawa, a ciyar da dangi kwana da kwanaki. Kuɗin daga adashi yake fitowa, wanda suke kira njangi, kuma gidaje da yawa na shiga bashi saboda shi. Sannan a naɗa magaji, ya gaji kujerar uban da ƙoƙonsa na sha. Da wannan ƙoƙon zai riƙa zuba bammi a ƙasa yana kiran kakanni in ciwo ko rashin haihuwa ya shigo gida.

Yanzu a ce magajin dattijon coci ne. In ya ƙi gadon, ya bar gwauraye da marayu da gonaki a hannun wani. In ya karɓa, dangi na jiran ya zuba. Ikilisiyoyin ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A Katolika da Presbiteriya za ka ga an yi sujadar godiya da safe, da yamma a koma rawa a gida. Baptis da masu Pentikos sun fi tsanantawa. Abin da ke ɓata lamari shi ne a bari sai ranar biki fasto ya tashi ya hana, gaban surukai, an riga an yanka awaki. Zama ake yi tun da wuri, magaji da dattawan gida da na coci, a jera abin da za a yi ɗaya bayan ɗaya: ciyar da baƙi da rabon gado da kula da gwauraye ya ɗauka, zuba wa matattu ya ce a yafe masa, a sa addu'a a gurbinsa.

Kada kuma a manta da matar mamaci. Takaba a yankin na da nauyi, akwai aski da zaman ƙasa da hana wanka na kwanaki. Zumuntar mata, CWF ta Presbiteriya da CWA ta Katolika, su ne ke iya shiga ɗakin su zauna da ita, su roƙi tsofaffin gida a rage kwanakin. Namiji, ko fasto ne, iyakarsa bakin ƙofa.