Passat mai turbo tana rasa ƙarfi a kan tudu

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar makanikai da masu sanin injin turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi) game da motata, Volkswagen Passat 1.8T ta 2003, wadda nake hawa tsakanin Gombe da Kaltungo. A cikin gari tana tafiya lafiya, amma da zarar na taka totur a kan tudu, sai ta yi nauyi kamar an shaƙe ta, kuma kwamfuta tana nuna lambar P0299, wato iskar da turbo ke turawa ba ta kai yadda ake buƙata ba.

An sauya matatar iska, wadda ƙurar hunturu ta toshe, an wanke na'urar auna iska, an kuma duba tiyon da ke zuwa intakula (na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ke turawa), ba a ga tsaga ba. Makanikena ya ce a sauya turbo, amma hankalina bai kwanta ba, domin motar ba ta fitar da shuɗin hayaƙi, ba ta kuma shan man inji, waɗanda alamu ne na lalacewar turbo.

Shin toshewar katalis (na'urar da ke rage gubar hayaƙi) a salansa za ta iya jawo wannan, kuma yaya ake gwada shi ba tare da an yanke salansar ba? Allah ya saka da alheri.