Kafin mu aika baikon Eritiriya: wane taimako ne ya yi muku rana a 2015?

Matar Fasto: Salama gare ku 'yan'uwa. Zumuntar mata ta ware baikon watan nan domin masu bi na Eritiriya. Tun 2002 gwamnatin can ta rufe majami'u, in ban da na Otodoks da Katolika da Lutaran, har akwai waɗanda aka kulle cikin kwantena ba a kai su gaban alƙali ba. Kafin kuɗin su fita, mu tuna da namu. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a nan Damagaram kan zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, wane taimako ne ya yi muku rana?

Tela na Sabon Gari: Mama, da farko dai bargo. A barikin soja muka kwana, ga hunturu, ƙaramata ko takalmi babu. Amma wanda ba na mantawa wata 'yar mishan ce da ta zo bayan ƙura ta lafa. Ba ta yi mini wa'azi ba. Cewa ta yi, "Me kake yi da hannunka?" Na nuna mata kan keken ɗinkina, ya yi baƙi ƙirin, fentin duk ya saɓule. Da kaina na zaɓi wani na hannu a kasuwar Dole, ita ta biya. Shi nake takawa har yau.

Tsohon Mushe (malamin makaranta): Ni abin da ya ɓata mini rai zan faɗa. Wasu baƙi sun zo da farar mota, suka jera mu gaban bangon da ya sha wuta, wai mu riƙe ragowar benci. Kwana biyu sai ga fuskokinmu a Facebook. Unguwa ta ɗauka an sauke mana miliyoyi, alhali tiya goma ta gero na samu. Mai shagon da nake cin bashi wurinsa ma ya fara yi mini wani kallo.

To mu nan hukuma ce ta ba mu mafaka. Can Eritiriya kuwa hukumar ce mai kamun, hoto ɗaya ya isa a ɗaure mutum. Shi ya sa ƙungiyar Open Doors, wadda wani ɗan Holan ya fara a 1955 da shigar da Littafi Mai Tsarki ƙasashen 'yan gurguzu a ɓoye, take canza sunayen mutanen da take ba da labarinsu. Duk wanda ya ce zai kawo mana hoton waɗanda suka karɓi baikonmu, ni dai ban yarda da shi ba.

'Yar Zango: Baba, gaskiyarka. Ni nawa taimakon ta katanga ya zo. Hajiya maƙwabciyarmu ta jawo mu ɗakinta, ta zura mini hijabinta, ta zauna bakin zaure tana tsince wake. Da samari suka tambaya, ta ce "Nan ba kowa sai jikokina." Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ɗalibi: Ina ɗan shekara tara lokacin. Abin da na riƙe kawai, wata biyu ana karatu da Littafi ɗaya a gidaje uku, ana yawo da shi cikin leda.

Matar Fasto: Na gode. Ke nan ba hoto, ba sunan kowa, kuma sai mun tambayi masu kai saƙon abin da 'yan'uwan suka nema da bakinsu. Mushe, don Allah ka tsaya bayan sujada ranar Lahadi ka taya mu rubuta wasiƙar da Faransanci. Tela, jakar baikon ta yage a gindi, zan aiko maka da ita gobe.