Sikanar bakod ɗin da ke kan bel ɗinmu tana tsallake kwalaye, a taimaka da shawara

Ɗan Sharaɗa: Slm 'yan uwa, dan Allah masu harkar otomeshan ku taimaka min. Ina aiki a wani kamfani nan Sharaɗa a ɓangaren fakin, muna da sikanar bakod irin wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfe gefen bel, mai jan layin lesa ɗin nan, kwali na wucewa sensa ta taɓa ta sai ta karanta sitikar ta turawa PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injinan, namu Siemens S7-1200 ne. To idan bata karanta ba akwai hannun iska da ke ture kwalin gefe. Matsalar tunda aka fara naɗe kwalayen da leda mai sheƙi abin ya rikice, a kwali goma sai ta ture ɗaya ko biyu kuma lafiyarsu ƙalau, in ka ɗauki waya ka haska take zata karanta. Yara sun gaji da kwashe kaya daga ƙasa, manaja kuma yace na kawo farashin sabuwa mai kyamara, ni kuma wlh tsoro nake a zuba dala a sayo kuma matsalar tana nan, a ce ni na jawo. Me kuka gani?

Baban Lantarki: Wa'alaikumus salam ƙanina. Kafin ka kai wa manaja ko wace takarda, je ka duba yadda aka ɗaure ta. Ina kyautata zaton tana kallon sitikar ne kai tsaye gaba da gaba. In haka ne hasken lesar na dukan ledar ya dawo mata cikin ido gaba ɗaya, ta makance a daidai wurin. Sassauta notin biraket ɗin ka karkatar da ita kamar digiri 10 zuwa 15, haka littafin yawancinsu ma ya ce, mutane ne basa karantawa. Sannan ka sani lesa layi ɗaya tal take ja, in layin ya faɗa kan inda ledar ta tattare ko inda aka haɗe bakinta shikenan, ko da sauran bakod ɗin fes yake. Ka roƙi masu injin naɗi su matsar da haɗin ledar daga fuskar sitika.

Anti mai QC: Injiniya ni ta ɓangarena na duba ingancin kaya zan yi magana. Karatun waya ba hujja bane fa, kwalin na tsaye a hannunka wayar na ta gwadawa sau ba adadi har ta samu, ita kuwa sikana ƙiftawar ido gareta kaya sun wuce. Ɗauko sitika guda biyar daga waɗanda aka ture ka jera su ƙarƙashin fitila. In kaga wani siririn farin layi yana bi a wuri ɗaya a dukkansu, kan firintar ne, wato ɓangaren da ke buga rubutun, ya fara mutuwa ko datti ya kama shi, kuma in layin ya bi tsawon sandunan bakod ɗin zai iya cinye siririyar sanda ɗaya sukutum ido bai lura ba. Mu abinda muke yi, muna sa a buga wani baƙin layi mai kauri a kwance saman bakod, da kan ya samu matsala a nan zaka fara ganin tsaga. A goge kan da auduga da sifirit duk sanda aka canza ribon, wato zirin tawadar firintar. Kuma ka duba farin filin da ake bari dama da hagu, a nau'in bakod na Code 128 dole ya kai faɗin siririyar sanda sau 10, masu zana sitika sun iya cusa tambarin kamfani a wurin.

Mai TIA Portal: Duk abinda suka faɗa haka ne amma ni gaskiya ina bayan manaja, ko ba yau ba. Lesa bata karanta QR ko Data Matrix sam, ranar da wani kwastoma yace shi irin waɗannan na 2D yake so dole ku saya. Babban abinda yasa nake son mai kyamara, duk kwalin da ta kasa karantawa tana iya ajiye maka hotonsa, ka buɗe a laftof kaga da idonka ko sheƙi ne ko sitika ce ta karkace, babu sauran musu tsakanin mentenans da masu fakin. Akwai Cognex DataMan, Keyence SR, SICK Lector, Datalogic Matrix, duk suna da masu Profinet, wato netwok ɗin da ke haɗa su da PLC, ka loda fayil ɗin bayanin na'urar, GSD, a TIA, manhajar Siemens ta tsara PLC, ka ba ta suna shikenan ta hau. Amma ka nemi wadda ke da gilashin kashe sheƙi a kan fitilarta, folaraiza kenan, saboda ledar nan. Kuma ka auna gudun bel. Misali rabin mita a sakan, kwali na tafiyar rabin milimita kenan a cikin milisakan 1, in siririyar sandarka bata kai haka ba hoton zai shafe, sai an rage lokacin ɗauka sosai an ƙara haske. Kar ka yarda a turo maka a kwali kawai, dila ya zo da ta gwaji a ɗaura a bel ɗinku da ainihin kayanku, ana gudun da ake yi kullum.

Baban Lantarki: Na manta, yanzu hunturu ne, yaushe rabon a goge gilashin gabanta? Ƙurar Kano ba wasa ba. Ƙyalle mai laushi, banda tsumman gireshi. In zaku sayi sabuwa kada ta gaza IP65, wato matakin kariya daga ƙura da ruwa. Ka kuma bi kebul ɗinta, in an kwantar da shi tiren waya ɗaya da wayar motar lantarkin da ke kan inbata mai sarrafa gudunta a raba su, kuma ka sa mita a 24V ɗin da ke ba sikanar wuta kaga ko yana faɗuwa lokacin da ake juyawa daga NEPA zuwa janareto.

Ɗan Sharaɗa: Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Baba na karkatar da ita na goge gilashin, da safe abin ya ragu sosai har yara na tambaya me aka yi. Anti sitikun babu farin layi amma tambarin ya matso kusa da bakod ɗin ta hagu, na kai musu sun ce zasu gyara. Sai dai wajen ƙarfe 3 zuwa la'asar ta sake fara turewa, na lura lokacin rana ke shigowa ta farin kwanon da aka sa a rufi tana sauka daidai wurin.

Baban Lantarki: To ka gano ta. Sa mai walda ya lanƙwasa maka falle ɗaya na ƙarfe ya yi mata rumfa ta rufe sikanar da inda kwalin ke wucewa, a shafa baƙin fenti marar sheƙi ta ciki. Bar ta tayi sati ɗaya haka, ka sa PLC ya riƙa ƙirga maka waɗanda aka ture a kowane shif, da wannan lissafin zaka shiga ofishin manaja.