Tsofaffin kwamfutoci da matattun batira sun cika mana sito, ina za mu kai su?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Za mu kwashe siton makarantarmu kafin a dawo hutu. Akwai kwamfutoci masu ƙeya, firinta, batiran inbata da suka mutu, da kwali guda na caja da tsofaffin wayoyi. Maigadi ya ce a kira 'yan gwangwan su auna kawai. Me kuka gani?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin awo a kira mai gyara ya duba. Wadda ta tashi a bar wa ɗalibai. Sauran kuma masu gyara na Beirut Road da Farm Centre a nan Kano suna sayen kayan cikinsu, sun fi mai sikeli sanin darajarsu.

Injiniya: Amma a cire ma'ajiyar bayanan kowace kwamfuta tukuna. Goge fayil ba ya nufin ya tafi, wanda ya iya zai dawo da shi. Sakamakon yara da lambobin iyayensu na ciki. A huda ta ko a sa mata guduma.

Anti Nas: Ni batiran ne suka tsaya min a rai. Dalma ce a cikinsu. Mai gwangwan yakan tuntsurar da ruwan batir a kwata, ya fasa, a narka dalmar a fili cikin unguwa, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. Ku tuna Zamfara a 2010, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma dalmar dai ita ce. Yaron da ya tsira ma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma ba a gane ta da wuri. Gilashin kwamfuta mai ƙeya shi ma da dalma a ciki, dogon ƙwan lantarki kuma da zaiba. Don Allah kada a fasa su.

Mai Sola: Gaskiyarki Anti. Hajiya, ki mayar da batiran inbatan ga dilan da za ki sayi sababbi a wurinsa, yawanci suna karɓar tsoho su rage kuɗi. A ɗauko su a tsaye da ruwansu. Batirin waya da ya kumbura kuwa a ware shi cikin gwangwani da yashi, a inuwa, kada a soka masa komai, wuta yake kamawa.

Barista: Akwai doka fa. NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022. Sun hana ƙona irin wannan shara ko haɗa ta da bolar gida, kuma sun ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya nauyin tattara su in sun mutu. Don haka aka kafa EPRON, ƙungiyar da ke tsara musu wannan tattarawa, a 2018. Tunda makaranta ce, ki rubuta wa ofishin NESREA na jiha ki nemi sunayen masu karɓa da ke da rajista, ki kuma karɓi takardar shaida.

Alhaji Ƙarami: Barista, wannan doka a takarda take. Kamfanonin sarrafa irin wannan shara da ake ambata, su Hinckley da E-Terra, a Legas suke. Wa zai biya kuɗin mota daga Kano saboda kwali ɗaya? Kuma a daina ganin laifin 'yan gwangwan, ba don su ba da bola ta binne mu.

Barista: Ban ce laifinsu ba ne, ranka ya daɗe. Ƙarfe da gwangwani a ba su. Wayar wuta ce matsala, ƙona ta suke don su ciro jan ƙarfe, hayaƙin kuma su ne na farko da ke shaƙa.

Ɗan Zango: Mu nan Ankara ta Gana mun gani. An rushe Agbogbloshie, filin gwangwan da ake ƙona kayan lantarki, a 2021, ƙonawar ba ta tsaya ba, ta dai watsu cikin wasu unguwanni. In za ki ba mai gwangwan wayar wuta, ki nemi wanda ke fere ta da wuƙa ko inji.

Maman Hanif: Na gode, Allah ya bar zumunci. Mai Sola, zan turo maka hoton batiran. Alhaji, in wasu makarantu suka haɗa nasu da namu, ai mota ɗaya za ta ishe mu ko?

Alhaji Ƙarami: In kayan sun taru wannan wata magana ce. Ki fara jin ta bakin ofishin tukuna, ni ma ina da firji biyu a gareji.